Daga Zumar Masar Zuwa Bandejin Azurfa: Tarihin Yaƙi da Gyambo

A shekarar 1862 wani Ba'amurke mai harkar kayan tarihi, Edwin Smith, ya sayi wata tsohuwar naɗaɗɗiyar takarda a garin Luksor na ƙasar Masar. Cikakkiyar fassararta ba ta fito ba sai a 1930, ta hannun James Henry Breasted na Jami'ar Shikago, a nan ne duniya ta gane ashe littafin likitan fiɗa ne. An rubuta shi wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masana kuma na ganin an kwafo shi ne daga wani da ya girme shi. Raunuka 48 aka jera a ciki, tun daga tsagewar ƙoƙon kai har gangarowa ƙirji da gadon baya, kowanne da yadda za a duba shi da abin da za a ɗaura masa. Umarnin da ya fi yawan dawowa shi ne a ɗora ɗanyen nama a kan raunin a ranar farko, daga nan kullum a sa maiƙo da zuma da zaren lilin har a ga sauƙi.

Cikin shekarun 1970 wani masanin cututtuka, Guido Majno, ya ce bari ya gwada ya gani. Ya kwaɓa zuma kashi ɗaya da man shanu kashi biyu, aka zuba wa haɗin irin ƙwayoyin cutar da ke sa rauni ya yi mugunya, ba a daɗe ba suka ƙare. Misirawan da ba su taɓa jin labarin ƙwayar cuta ba sun riga sun harhaɗa abin da har gobe ake nema a ɗaurin ciwo: mai kashe cuta, mai hana ƙyalle mannewa a nama, da mai tsotse ruwa.

Sai dai rauni daban, gyambo daban. Sabon yanka, in jiki na da lafiya, yakan haɗe cikin mako biyu ko uku ko da kulawar ba ta taka kara ta karya ba. Gyambo kuwa shi ne mikin da ya haura wata guda ko makonni shida bai kama hanyar warkewa ba. Wani ya shekara, wani ya yi shekaru yana ɗiga, yana wari, yana hana mai shi shiga sahu da zaman taro. Akwai na idon sawu, wanda ke fitowa idan jijiyoyin da ke mayar da jini sama sun gaji. Akwai na tafin ƙafar mai ciwon suga, da na kuturta, da na majinyacin da ya daɗe kwance a gefe ɗaya, da wanda ke addabar masu sikila. Duk wanda ya taɓa zama a layin wankin ciwo a babban asibiti ya ga mafi yawansu a benci ɗaya. Tambayoyi biyu ne suka bi masu ɗaurin irin wannan miki tun zamanin Fir'auna. Yaya za a kashe abin da ke cin naman ba tare da an kashe naman ba? Kuma me ya hana shi warkewa tun asali? Tambayar farko ce ta cinye hankalin likitoci da kuɗin kamfanoni, ta biyun sai can baya aka waiwaye ta.

Ƙarnuka da dama likitocin Turai sun ɗauki mugunya alamar alheri. Idan rauni ya fitar da fara mai kauri sai a ce jiki ne ke zubar da dattinsa, har akan cusa masa abubuwa don ya ƙara yi. Ba wauta ce zalla ba, domin mai farar mugunya ya fi tashi a kan wanda rauninsa ke fitar da ruwa-ruwa mai ɗoyi, shi wannan sau da yawa ruɓewa ce ke tafe. A ƙarni na 13 da farkon na 14, Theodoric Borgognoni a Italiya da Henri de Mondeville a Faransa sun ce ba sai rauni ya yi mugunya ba, a wanke shi da giya a rufe shi da tsabta. Kaɗan ne suka saurare su.

A 1537 sojojin Faransa suna yaƙi a yankin Turin, cikinsu akwai wani matashin wanzami mai suna Ambroise Paré, don a Turai ta wancan zamani wanzamai ne ke fiɗa. An yi imani harbin bindiga na ɗauke da dafi, maganinsa kuwa a tsiyaya tafasasshen mai a cikin ramin harsashin. Wata rana mai ya ƙare masa, masu rauni ba su ƙare ba. Ya kwaɓa gwaiduwar ƙwai da man wardi da man tafentin ya shafa wa sauran, ya kwana cikin fargabar zai tarar da gawarwaki. Da asuba ya iske waɗanda ya shafa wa kwaɓin sun yi barci, raunukansu ba su kumbura ba, waɗanda aka toya da mai kuma suna fama da zazzaɓi da raɗaɗi. Daga ranar bai sake tafasa mai ba.

Tarihin ɗaurin ciwo na zamani ya fara ne a watan Agustan 1865, a babban asibitin Glasgow na Sikotilan. Aka kawo wani yaro ɗan shekara 11, amalanke ya bi ta kan ƙafarsa, ƙashi ya karye ya huda fata. Irin wannan karaya a lokacin yawanci yanke ƙafa ake yi, kuma kusan rabin waɗanda aka yanke wa ba sa fita da rai. Likitan da ke bakin aiki, Joseph Lister, ya karanta binciken Louis Pasteur a kan ƙananan halittun da ke sa abu ya ruɓe, ya kuma ji cewa a garin Carlisle ana zuba sinadarin kabolik a ruwan masai don kashe wari. Ya jiƙa ƙyalle da kabolik ya rufe raunin. Da aka buɗe bayan kwana huɗu babu mugunya. Bayan makonni shida yaron ya fita asibiti da ƙafafunsa biyu. A 1867 Lister ya buga labarin majinyata 11 masu irin wannan karaya a mujallar The Lancet, ɗaya kaɗai ya mutu, kuma cikin 'yan shekaru mutuwar waɗanda ya yanke wa gaɓa ta sauko daga kusan kashi 45 cikin 100 zuwa 15.

Akwai abin da masu ba da wannan labari kan tsallake, alhali shi ya fi koyarwa. Abin da yaron ya yi ƙorafi a kai ranar da aka buɗe ɗaurin ba karayar ba ce, ƙuna ce: kabolik ɗin ya ɗaye fatar gefen raunin, sai da Lister ya sirka shi kafin wurin ya lafa. Likitocin da suka bi tafarkinsa hannayensu suka riƙa tsagewa. Na'urar da ya ƙirƙira mai fesa kabolik a iskar ɗakin tiyata ma, shi da bakinsa ya yi watsi da ita a 1890.

Kasuwa ba ta jira an gama muhawara ba. Wani mai harkar magunguna, Robert Wood Johnson, ya saurari laccar Lister a Filadelfiya a 1876, shekara goma bayan nan shi da 'yan'uwansa biyu suka kafa Johnson & Johnson, suna sayar da auduga da gozi masu magani a rufe cikin fakiti. A Bamingam kuma, a 1880, likita Sampson Gamgee ya sa auduga mai tsotsar ruwa tsakanin gozi biyu, salon da ake amfani da shi har yau. Aidin, wanda Bernard Courtois ya gano a 1811 cikin tokar ciyawar teku yayin da yake aikin haɗa kayan albarushi, shi ma ya samu wurin zama a kan teburin wankin ciwo.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya zazzage duk wannan ilimi ya tankaɗe shi. An gwabza ne a gonakin arewacin Faransa da Beljiyam, ƙasar da ta sha takin dabbobi shekaru aru-aru. Ɓaraguzan bam kan tura laka da yagaggen kaki can cikin tsoka, su bar rami mai lunguna, kuma ƙwayoyin cutar da ke cikin wannan ƙasa, masu haddasa ruɓewar nama da sandarewar jiki, ba sa buƙatar iska don su hayayyafa. Almajiran Lister, ƙarƙashin Watson Cheyne, suka ce a ƙara ƙarfin magani. Almroth Wright ya ce hakan ɓarna ce. Shi da mataimakansa sun kafa ɗakin gwaji a wani gidan caca da aka mayar asibiti a garin Boulogne, cikinsu har da wani likita mara yawan magana, Alexander Fleming.

Gwajin da Fleming ya yi mai sauƙi ne, amma ya fi dogon jawabi. Ya ɗauki kwalbar gwaji, ya narka jikinta da wuta ya jawo 'yan tsinkaye masu rami a ciki, ta zama kamar raunin bam. Ya cika ta da gurɓataccen ruwan jini, ya zubar, ya cika ta da maganin kashe cuta ya bar shi ya jima, ya zubar, sannan ya zuba tsabtataccen ruwan jini. Washegari ruwan ya gurɓace kamar ba a taɓa sa magani ba, domin maganin bai kai ƙarshen lungunan ba. Ya kuma nuna cewa a ƙarfin da ake zuba su cikin rauni, magungunan sun fi saurin kashe fararen ƙwayoyin jini, wato masu tsaron jiki, a kan ƙwayoyin cutar. Garin neman gira ana rasa ido.

A wani asibiti a Compiègne, Alexis Carrel, likitan fiɗa da ya ci kyautar Nobel a 1912, da Henry Dakin, Baturen Ingila masanin sinadarai, suka bi ta tsakiya. Dakin ya gwada sinadarai masu yawa kafin ya tsaya a kan ruwan bilic da aka sirka sosai, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, aka kuma rage masa kaifi. Da yake ƙarfinsa na gushewa da wuri, Carrel ya shirya 'yan bututun roba da ake cusawa cikin kowane lungu na raunin, ma'aikatan jinya na tura sabon ruwa duk bayan awa biyu, dare da rana. Tsarin ya ceci gaɓoɓi da yawa. Amma kafin a sa bututu ko ɗaya sai an buɗe raunin an yanke duk mataccen nama, aikin da likitan Beljiyam Antoine Depage ya dage a kansa, kuma da wuya a raba rabon yabo tsakanin wuƙar da ruwan. A 1915 kuma aka haɗa wani ɗan'uwan ruwan Dakin a Jami'ar Edinbara, aka sa masa suna EUSOL. Wannan ya bi Turawan mulkin mallaka har asibitocin Najeriya da Gana, ya zauna daram.

Yaƙin ya bar wani gado da ba kowa ke son jin sa ba. William Baer, likitan ƙashi daga Amurka, ya ga wasu sojoji biyu da suka yi kusan mako guda yashe a filin daga da karayar cinya. Da aka yaye tufafinsu raunukan cike suke da tsutsa, a ƙarƙashinta kuma jan nama ne mai tsabta, ba zazzaɓi. A ƙarshen shekarun 1920 ya fara sa tsutsar ƙuda da gangan a kan yara masu ruɓewar ƙashi a Baltimore, kafin tsakiyar shekarun 1930 ɗaruruwan asibitocin Amurka sun bi sahu. Tsutsar koren ƙudan da ake zaɓa mataccen nama take narkarwa, ta ƙyale mai rai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a hukumance a 2004.

Abin da ya kori tsutsa da zuma daga asibiti shi ne zuwan magungunan salfa a 1935 da fenisilin a shekarun 1940. Sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu yana yawo da ƙullin garin salfa a ɗamararsa, in an harbe shi ya barbaɗa. Ba a jima ba aka gane barbaɗa irin waɗannan magunguna a kan miki na jawo borin fata, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da za a buƙata ranar da cutar ta shiga jini. Al'adar nan ta fasa kafso a zazzage a kan gyambo, wadda har yanzu ake gani a garuruwanmu, jikanyar wancan ƙulli ce, kuma illar ba ta canza ba.

A 1962 George Winter ya buga wata gajeriyar maƙala a mujallar Nature. Ya yi ƙananan raunuka a bayan aladu, ya bar wasu a buɗe suka yi ɓawo, ya rufe wasu da siririyar leda. Waɗanda aka rufe sabuwar fata ta rufe su da saurin da ya kusan ninka na sauran. Dalili kuwa, ƙwayoyin sabuwar fata rarrafe suke yi daga gefe zuwa tsakiya, a kan danshi suna tafiya kai tsaye, in akwai ɓawo sai sun haƙa ta ƙarƙashinsa. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da hakan a jikin mutane. Tsohuwar shawarar nan ta a bar ciwo ya sha iska ta faɗi ke nan, aka buɗe kasuwar bandeji masu riƙe danshi. Sai dai danshi da ɗumi su ne kuma abin da ƙwayar cuta ke so, don haka kamfanoni suka shiga neman abin da za su cusa a cikin sabon bandejin.

Suka tarar da azurfa na jiran su. Tun 1881 Carl Credé ke ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai a Leipzig don hana makanta. A 1965 Carl Moyer ya dawo da shi ɗakin masu ƙuna, ana jiƙa gozi da shi, ko da yake duk abin da ya taɓa, zanen gado ne ko bango ko hannun nas, sai ya yi baƙi. A 1968 Charles Fox na Jami'ar Kolambiya ya aura azurfa da salfa ya samar da farin man nan da ake shafa wa ƙuna a kusan kowane asibiti. A shekarun 1990 Robert Burrell a Kanada ya gano yadda za a lulluɓe ƙyalle da ƙurar azurfa mai matuƙar laushi, ta riƙa sakin ƙarfinta a hankali na kwanaki, aka fitar da shi kasuwa da sunan Acticoat, wasu kamfanoni suka biyo da nasu. An sha cewa ƙwayar cuta ba ta iya jure azurfa, saboda tana kai mata hari ta wurare da yawa a lokaci guda. Amma tun a 1975 an ba da rahoton wani nau'in salmonela mai jure ta a sashen masu ƙuna na babban asibitin Massachusetts, ya kashe majinyata uku, sai da aka rufe sashen.

Shi kuwa EUSOL, zomaye ne suka tona asirinsa. A 1985 Brennan da Leaper a Ingila suka dasa 'yar taga ta gilashi a kunnen zomo yadda za su riƙa kallon sabon nama yana tsirowa. Da suka ɗiga EUSOL, jini ya tsaya cak a ƙananan jijiyoyin sabon naman, bai dawo ba. A hankali asibitocin Birtaniya suka janye shi daga wankin gyambo na yau da kullum. A ƙasashen da kuɗin sabon bandeji ya fi ƙarfin majinyaci ya daɗe bayan haka, don arha gare shi kuma kantin maganin asibiti na iya haɗa shi.

A daidai wannan lokaci ne wani likitan fiɗa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya koma ga zuma. Rahotonsa ya fito a 1988 a mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya, kuma har yau da wuya a rubuta wani abu a kan zuma da miki ba a ambace shi ba. Majinyata 59 ya yi wa ɗauri da ɗanyar zuma, kashi 80 cikin 100 nasu an riga an gwada musu magungunan asibiti ba a dace ba. Mutum 58 suka samu sauƙi ƙwarai. Mikin da ke da ƙwayoyin cuta ya tsarkaka cikin mako guda, mataccen nama ya saki, jan nama ya taso, kumburin gefe ya sace.

Dalilin aikin zuma sananne ne. Sukarinta ya yi yawan da take janye ruwa daga jikin ƙwayar cuta. Tana da tsami-tsami da yawancinsu ba sa so. Ƙudan zuma kuma na zuba mata wani sinadari wanda, idan ruwan miki ya sirka ta, yake sakin ruwan haidirojin, irin mai kumfar nan na wankin ciwo, amma kaɗan-kaɗan yadda ba zai ƙona nama ba. Zafi na lalata wannan sinadari, shi ya sa zumar asibiti ba dafa ta ake yi ba, haske mai ratsa abu ake bi da ita a kashe ƙwayayen cutar da kan ɓuya a cikinta. Zumar kasuwa da aka sirka da narkakken sukari ba ta cikin wannan lissafi.

Rahoton Kalaba na da gurbi babba: babu rukunin da aka yi wa wani magani daban don a kwatanta, kuma majinyacin da ake wanke wa miki kullum a gaban likita mai kula yakan samu sauƙi ko me aka sa masa. Mutum na 59 ɗin nan da zuma ba ta yi wa komai ba ya fi sauran 58 bayani. Daga baya aka gano gyambon Buruli ne da shi, cutar da ta samo suna daga wani yanki na Yuganda. Ƙwayarta dangin ta tarin fuka da kuturta ce, tana zama can ƙarƙashin fata tana sakin dafin da ke narkar da nama, inda babu abin shafawa da zai kai. Maganinta a yau ƙwayoyin sha ne iri biyu na tsawon makonni takwas.

Zuma ta shiga fakiti ne ta hanyar Niyu Zilan. Peter Molan na Jami'ar Waikato ya lura tun farkon shekarun 1980 cewa zumar furen manuka na kashe cuta ko an kawar da haidirojin ɗinta, sai a 2008 masana a Dresden ta Jamus suka bayyana sinadarin da ke wannan aiki. Kafin nan zumar asibiti mai suna Medihoney ta riga ta samu rajista a Ostareliya da Amurka, da farashin da mai kiwon zuma a amya ba zai gaskata ba.

Daga nan aka zo wurin awo. A 2008 Andrew Jull da abokan aikinsa a Niyu Zilan suka raba masu gyambon idon sawu 368 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, duka ana ɗaure musu ƙafa da bandeji mai matsewa, amma rabi an sa musu zumar manuka a ƙasa. Bayan makonni 12, kashi 55.6 na masu zuma sun warke, na ɗaya gidan kashi 49.7, tazarar da ba ta wuce abin da sa'a kan iya kawowa ba, masu zumar kuma sun fi kukan zafi. A 2009 aka yi wa azurfa irin wannan awo a Ingila da mutum 213: masu azurfa kashi 59.6 suka warke, sauran kashi 56.7. Wannan ya zo ne lokacin da hukumar lafiyar Birtaniya ke kashe miliyoyin fam duk shekara a kan bandejin azurfa. Masu kare azurfa suka ce ba a yi mata adalci ba, an sa ta a kan mikin da ba lallai yana da cuta ba, an kuma bar ta makonni da yawa, alhali ba don haka aka yi ta ba. Suna da gaskiya a nan, sai dai haka ɗin ake amfani da ita a asibitoci, kuma ba a ji kamfanonin sun yi ƙorafi ba lokacin da ake saye. A 2012 wani taron ƙwararru ya fitar da ƙa'idar mako biyu: a sa bandeji mai magani idan akwai alamar cuta, a sake dubawa bayan kwana 14, in ba ci gaba a canza, in cutar ta lafa a koma bandeji na kawai. Cikin tsofaffin magunguna, wanda ya fi fitowa da ɗan haske a gyambon idon sawu shi ne aidin da aka ɗure cikin 'yan ƙwallayen sitaci a Siwidin, yana fita sannu-sannu yayin da sitacin ke shan ruwan mikin.

Me ya sa abin da ke kashe cuta nan take a kwanon gwaji yake kasawa a jikin mutum? Wani ɓangare na amsar ya fito daga Bill Costerton, wanda tun 1978 yake cewa ƙwayoyin cuta ba a warwatse suke rayuwa ba, dandazo suke yi su manne a jikin abu, su lulluɓe kansu da yauƙi, irin santsin nan da ke kama cikin randa in an kwana biyu ba a wanke ta ba. A 2008 Garth James da abokansa suka duba naman miki da na'ura mai ƙarfin gani, suka samu wannan yauƙi a gyambo 30 cikin 50, a sabon rauni kuwa ɗaya cikin 16. Ƙwayoyin da ke cikinsa na jure magani ninkin-ba-ninkin, in an kankare shi kuma yakan sake haɗuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Bandeji mai magani ya fi amfani a wannan ɗan tsakani, bayan an kankare, kafin yauƙin ya dawo. Kusan abin da Depage da Fleming suka faɗa ke nan, da sabuwar hujja.

Ɗaya ɓangaren amsar ba a cikin mikin yake ba sam. Paul Brand, likitan fiɗa da ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, ya tarar ana cewa naman kutare ne ba ya warkewa. Ya bi majinyatansa yana kallon yadda suke tafiya da yadda suke riƙe kayan aiki, ya gano cewa cutar jijiyar jin zafi take kashewa, mutum ya yi ta taka wuri ɗaya dubban sau a rana bai san ya ji ciwo ba. Da aka sa wa ƙafa siminti irin na karaya, nauyin jiki ya bazu, gyambon da ya shekara ana masa wanki sai ya rufe cikin makonni. A 1966 ya koma Carville ta Amurka, inda aka gane ƙafar mai ciwon suga ma haka take. A gyambon idon sawu kuma, bandeji mai hawa huɗu da aka tsara a asibitin Charing Cross na Landan a shekarun 1980 ya nuna cewa matse ƙafa don jini ya koma sama shi ne magani, muddin an tabbatar jijiyoyin da ke kawo jinin ba su toshe ba, in sun toshe matsewa na iya jawo asarar ƙafar. Shekaru da yawa an bar jaki ana dukan taiki.

Kamfanoni ba su daina ƙirƙira ba. Akwai koren ƙyallen Sorbact na Siwidin, wanda ba ya ɗauke da dafi ko kaɗan, ƙwayoyin cuta ne ke manne masa a cire su tare da shi. Bandeji masu magani kuma suna da ranarsu wajen rage wari da ɗiga da ƙwayoyin saman miki, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda iyalinsa suka fara ƙaurace wa ɗakinsa. Amma ƙa'idojin da ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu ciwon suga ta fitar a 2023 sun ce kada a sa bandeji mai maganin kashe cuta, ko zuma, da nufin warkar da gyambon ƙafar mai suga. In cuta ta shiga nama, maganin sha ko na allura ne na mako ɗaya zuwa biyu. In ta kai ƙashi kuma ba a yanke shi ba, wajen makonni shida. A auna gudun jini a ƙafar, a kankare mataccen nama, a zaɓi bandeji gwargwadon ruwan da mikin ke fitarwa da abin da aljihu zai ɗauka. Ga gyambon tafin ƙafa na wanda ya daina jin zafi, zaɓinsu na farko shi ne siminti ko takalmin asibiti mai kaiwa gwiwa, wanda majinyaci ba zai iya cirewa da kansa ba idan ya koma gida.